Magani kyauta: abin da na gani lokacin da nake riƙe da asusun likita

Tun ranar 1 ga Satumba 2024 da ragin kuɗin asibiti ya fara aiki, gardama ba ta ƙare ba a fadarmu ta bayan la'asar a nan unguwar Zango ta Damagaram, a Nijar. Gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta zabge rabin kuɗin da ake biya a asibitocin gwamnati, ta ce haihuwa kyauta ce, ta kuma soke jika 150 ɗin nan, wato sefa 150,000, da mai ciwon ƙoda yake ajiyewa kafin a fara yi masa wanki. Masu goyon bayan soja suna cewa ga abin da farar hula suka kasa an yi shi da sa hannu ɗaya. 'Yan jam'iyyar Nassara na da suna cewa ai Baba Tanja ne ya buɗe wannan ƙofa tun 2005. 'Yan Tarayya su ɗauko lissafin manyan asibitocin da aka gina a Yamai da Maraɗi. Mu kuwa Damagarawa, duk hirar siyasar da ba a ambaci Nafarko, tsohon shugaban ƙasa Mahamane Ousmane, ba ai ba ta yi gishiri ba, don haka shi ma sai an jawo shi.

Ni dai nakan yi shiru in sha shayina, har sai wani ya kira ni yadda ake kiran malamin lakwal ya ce, "Mushe, kai da ka riƙe kuɗin likita, me ka gani?" To, abin da na gani ya fi ƙarfin hirar shayi, shi ya sa na zauna na rubuta.

Lokacin da nake koyarwa a wani ƙauye kudu da Damagaram, kan hanyar Magarya, mutanen gari suka zaɓe ni ma'ajin kwamitin da ke kula da gidan likitarmu, wanda ake kira kojes. Ba don na san magani ba, don dai na iya lissafi kuma ana ganin malamin lakwal ba zai gudu da kuɗin jama'a ba. Tsarin da na tarar shi ne wanda ya samo asali daga taron Bamako na 1987, Nijar kuma ta mai da shi doka a 1995, shekara guda bayan karyewar darajar sefa da ta ninka kuɗin duk maganin da ake shigo da shi. Tsarin mai sauƙi ne. Mara lafiya ya yanki tike, a duba shi, a ba shi magani a nan take. A wurinmu yaro dala ɗari ne, wato sefa 500, babba jika ɗaya. Kuɗin su shiga asusu, ƙarshen wata mu zauna da majo, wato shugaban gidan likitar, da mai yankan tike mu ƙirga, mu cire na mai gadi da na sabulu da gas ɗin firjin allurar rigakafi, sauran mu aika a sayo magani. Ɗakin maganinmu bai taɓa cika maƙil ba, amma bai taɓa zama fayau ba.

Sai dai kada wani ya yi mini kukan wancan zamani. Na ga abin da dala ɗari take yi wa mace a watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, mai gida yana gona ko ya tafi ci-rani bai aiko ba. Yaro zai kwana uku da zazzaɓi a gida ana ba shi jiƙo da ƙwayar da aka saya wurin mai tebur, sai ya fara sanƙarewa sannan a ɗauko shi a amalanke. Da yawa a bakin ƙofa suke cikawa. Duk mai cewa talaka yana da kuɗin biki amma ba shi da na magani, bai taɓa zama ƙauye da damina ba.

Da aka ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, awon ciki kyauta, tiyatar haihuwa kyauta, tsarin iyali kyauta, mun yi murna ta gaske. Dokokin sun fito a 2005 da 2006, aikin ya kankama a 2007. Cikin 'yan watanni benci ya daina isar mata, sai tabarma a gindin bedi. Kuma yanzu da zazzaɓin kwana ɗaya ake zuwa. Majo ya ce mini a rayuwarsa ta aiki bai taɓa ganin yara suna zuwa da ƙafarsu haka ba. Alƙaluman ƙasa ma sun nuna hakan: a 1998 cikin yara 1000 da aka haifa, 226 ba sa kai shekara biyar, a 2009 adadin ya sauko zuwa 128. Ba kyautar magani kaɗai ta yi wannan aiki ba, akwai gidan sauro, da bitamin A, da ƙananan ɗakunan shan magani da aka baza a karkara da kuɗin yafe bashi. Amma wanda ya ce kyautar ba ta yi komai ba, ƙarya yake yi, kuma ina iya faɗa masa a gaban kowa.

Ga inda gizo yake saƙar. Da aka ce kyauta, ba a aiko mana da magani ba, ba a kuma aiko da kuɗi ba. Cewa aka yi mu yi wa yaro magani da abin da ke hannunmu, mu rubuta takardar bin bashi, gwamnati za ta biya dala ɗari kan kowane yaro. Ƙarshen wata sai majo ya kwana yana cika takardu da fitilar hannu. Takarda ta tafi gunduma, daga gunduma ta zo Damagaram, daga nan ta kama hanyar Yamai mai kusan kilomita 900, ta shiga ma'aikatar lafiya, ta wuce ta kuɗi, ta jira baitulmali. A kowane tebur ana iya cewa an yi kuskure a layi kaza, a maido ta. Kuɗin wata uku na farkon shekara su zo bayan shekara ta juyo, wasu watannin kuwa har na bar kujerar ban ga ko dala ba. Ba mu kaɗai ba ne, bashin da gidajen likita na ƙasa suke bin gwamnati ya taru har ya kai biliyoyin sefa masu yawa, kuma gwamnatocin da suka biyo baya duk sun gaje shi.

Ka tuna yara su ne suka fi kowa zuwa likita. Wato mafi yawan masu shan maganinmu sun daina biya, kuɗin manya kaɗai ke shiga asusu, da su za a sayo maganin kowa. Shekara ba ta cika biyu ba ɗakin magani ya koma kwalaye.

Akwai wata rana da ba na mantawa. Wata dattijuwa ta kawo jikanta, jiki kamar garwashi, numfashi yana fita da ƙyar. Majo ya duba shi, ya ce ciwon haƙarƙari ne, ya juya ya buɗe kabad, ya rufe. Ya ɗauko takarda ya rubuta ordonas, wato maganin da za a je a sayo.

"Inna, ga wannan. A samu wani ya hau kabu-kabu ya je gari ya sayo, yau ɗin nan, kada a kwana."

Ta riƙe takardar a juye, ta dube shi. "Ɗana, ba an faɗa a rediyo kyauta ne ba?"

"Kyauta ne, Inna. Dubawar kyauta ce. Maganin ne babu."

"To ni dubawa zan ba shi ya sha?"

Majo bai ce komai ba. Kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa, haɗe da na magani a farmasi, ya ninka tsohon tiken dala ɗari sau da yawa. Ta fita tana cewa ma'aikata sun sayar da maganin da gwamnati ta aiko. Washegari maganar ta zaga gari, har a masallaci ana kallona, tunda ni ke riƙe da asusu. Ban ce babu ma'aikacin da ke ɗauke magani ya kai gida ya buɗe nasa shagon ba, akwai su, kowa ya sani. Amma a wannan karon ba abin da aka aiko balle a sace. Wanda ya yi alkawari yana Yamai, wanda ake zagi yana gabanka da farar riga.

Shi ya sa da aka yi shelar ragin 2024 tambayata ɗaya ce, kuma har yanzu ita ce: rabin da aka ɗauke wa mara lafiya, wa zai zuba shi a asusun asibiti, kuma a wane wata? Na yi farin ciki da ragin, ƙanwata ta haihu ba a karɓi ko dala na haihuwar ba, na kuma san mai ciwon ƙoda da wancan jika 150 ya hana shi fara wanki. Amma asibiti da kuɗin tike yake sayen safar hannu, da sinadarin gwajin jini, da man janareto, da shi yake biyan ma'aikatan wucin gadi. In ragin bai zo da cikonsa a kan lokaci ba, za a rage a takarda, a ƙara a ordonas. An kafa hukumar INAM musamman domin ta riƙa biyan kuɗin kyautar nan, kuma dabara ce mai kyau a cire takardun daga yawon tebur-tebur. Sai dai hukuma ba ta haƙo kuɗi, abin da baitulmali ya ba ta shi za ta raba. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

In na faɗi haka a fada sai wani yaro mai zafin kishin ƙasa ya ce, "Baba, kai dai ba ka son a yaba." Ina so mana. Na dai riga na ga wannan rawa sau ɗaya ne, kuma a wancan karon ma da kyakkyawar niyya aka fara.

Ɗaya ɓangaren gardamar shi ne inshora, abin da 'yan boko ke kira asirans ko mitiyel, wato kowa ya riƙa zuba wani abu tun yana da lafiya, ranar ciwo a yi masa magani daga tukunyar. Duniya ta sa wa kanta wa'adin 2030 kowa ya samu magani ba tare da ya talauce ba, Nijar ma ta sa hannu. A fadarmu mai riƙe da tutar wannan ra'ayi wani ɗalibi ne na jami'ar André Salifou, kuma yaron ya yi karatu. Yakan kawo misalin Ruwanda, inda mafi yawan jama'a suke cikin mitiyel, da Gana da ta kafa tata inshorar a 2003 ta kuma ɗora kashi 2.5 cikin 100 a kan harajin kaya musamman domin ita. Alhajin da ke fataucin Kano kuma ya ce ai can ma tun 2022 doka ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, amma 'yan'uwansa na Kurmi da Kwari har gobe daga aljihu suke biya. Duka biyun gaskiya suka faɗa.

Abin da nake tuna wa ɗalibin shi ne Ruwanda ƙasa ce 'yar ƙarama, jama'a a cunkushe, hukuma ta san kowane gida. Jiharmu kaɗai ta ninka ta sau da yawa a faɗi, daga Dungas har bayan Tanut da Tesker, kuma a ƙidayar 2012 mun haura mutum miliyan 3.5, mafi yawa manoma da makiyaya da ba su da albashin da za a yanka a ƙarshen wata. Ko masu albashin ma ba su cika yarda ba: da Mali ta fara yankan kuɗin inshorar dole daga albashin ma'aikata, ƙungiyoyin ƙwadago sai da suka fito titi. Mutum ba ya ƙin taimakon kansa. Abin da yake tsoro shi ne ya zuba kuɗi shekara guda, ranar da ya zo da kati a ce masa maganin babu, ga ordonas. Wanda aka yi wa haka da kyauta, da wane baki za ka ce masa ya biya tun kafin ya kwanta?

Akwai kuma malamin unguwarmu da yake cewa inshora caca ce, kana biyan abin da ba ka san ko za ka ci ba, kuma tamkar kana kiran ciwo ne. Ban iya ja da malam a fagensa ba, amma na ce masa, "Allah gafarta malam, matan gidanka ba sa adashe? Ba sa zubin Mata Masu Dubara?" Wannan tsari a Maraɗi aka fara shi a 1991, yau ba ƙauyen da ba ka samun mata da akwatinsu mai kwaɗo, kuma yawancinsu suna ware wani ɗan asusu daban na taimako, domin ciwo da haihuwa da rasuwa.  Malam ya yi murmushi ya ce in dai taimakekeniya ce, ba riba ake nema da ciwon mutane ba, to wannan wata magana ce. Matan nan sun amince da akwatin ne saboda a gabansu ake buɗe shi, a gabansu ake ƙirgawa, kuma mai riƙe da mabuɗi maƙwabciya ce da ba ta da wurin gudu.

Wani abu da ba a son a taɓa a fada, saboda rabinmu tsofaffin ma'aikata ne: mu da muke cewa ƙasa ba ta da kuɗin yi wa kowa magani, mu ne gwamnati take ɗaukar wa kashi 80 cikin 100 na kuɗin asibiti. Na ci wannan gata, ba zan ɓoye ba. Sama da mu kuma akwai waɗanda ake ɗauka a jirgi a kai Maroko ko Tunisiya ko Faransa da kuɗin ƙasa. Manomin Mirya da ya sayar da akuya ya biya ordonas, shi ma yana biyan haraji duk ranar da ya sayi sukari ko ya sa kati a waya. Ashe inshora tana nan tun tuni, ta 'yan ƙalilan ce kawai, kuma kowa ke zuba mata. A ƙasa baki ɗaya, sama da kashi 40 cikin 100 na duk abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun iyalai yake fita kai tsaye. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Farar hula sun zo sun wuce, soja sun zo, yau ma kason lafiya a ƙasarmu bai kai haka ba. Na san akwai yaƙi a Diffa da Tillaberi, na san tsaro yana cin kuɗi. Amma matatar mai ta SORAZ tana nan arewa da mu tun 2011, ga bututun ɗanyen mai ya fara aiki. In Gana ta iya cewa kaso kaza na haraji na lafiya ne, ba a taɓa shi, me zai hana a ce daga kowace lita ko kowace ganga ga rabon ɗakin magani?

Mun kuma ga abin da dogaro da na waje yake jawowa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO ta rufe iyakoki, kwantenonin magani suka maƙale a Kwatano, masu ciwon suga da hawan jini suka riƙa zaga farmasi-farmasi. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma wahalar ba ta tafi rana ɗaya ba. Sannan duk wanda ya san Magarya ya san irin nauyin da ƙungiyar likitocin MSF ta ɗauka a sashen yara tun yunwar 2005, musamman in damina ta haɗa zazzaɓin sauro da tamowa. Allah ya saka musu. Amma in muna maganar 'yancin kai da gaske, to a fara da ranar da za a ce yaron Magarya ya warke da kuɗin Nijar.

Da za a tambaye ni, abu na farko da zan roƙa ba sabuwar doka ba ce. A juya tsarin biyan ne kawai: a ba gidan likita kuɗi ko magani a gaba, gwargwadon yaran da ya duba bara, tun watan Mayu ko Yuni kafin sauro ya tashi, sannan a zo a bi lissafi daga baya. Wanda aka kama ya ci, a hukunta shi. Yanzu ƙaramin gidan likita na ƙauye ne yake ba gwamnati bashi, abin da ko a kasuwar Dole ba a yi, mai tebur ya ranta wa dila. Na biyu, a liƙa takarda a bangon kowane gidan likita, da Hausa da ajami, ba da Faransanci kaɗai ba: wata kaza mun duba yara kaza, muna bin kuɗi kaza, an biya kaza. Da akwai irin wannan takarda a bangonmu, da mutanen gari sun san ƙofar da za su je su buga.

Game da zubin inshora kuwa, ban ƙi ba, amma a bi yanayin aljihun mutane. Manomi ba shi da ƙarshen wata, yana da kaka. A watan Oktoba da Nuwamba, in an girbe gero da wake da riɗi, zai iya ba da tiya kaza ko kuɗinta na shekara guda ba tare da ya ji ba. Ka je masa a watan Yuli, ko dala ashirin sai ya yi rantsuwa. Makiyayi kuma lokacinsa daban ne, kuma katinsa dole ya yi aiki a Tanut ya yi a Matamaye, tunda shi ba a wuri ɗaya yake ba. Wanda ba shi da ko tiyar, mai gari da liman da matan unguwa sun san shi sarai, sun fi takardar shaidar talauci da ake zuwa nema a ofishin magajin gari sanin sa. Irin waɗannan gwamnati ta biya musu, masu zakka ma ga wuri.

Kuma a sa kuɗin mota a ciki. Tiyatar haihuwa kyauta ce tun 2005, amma matar da naƙuda ta gagara a ƙauye da tsakar dare sai an nemi kuɗin man ambilans kafin ta tashi, in akwai ambilans ɗin ke nan. A wasu gundumomi an yi dabarar ƙara dala ashirin a kan kowane tike, a tara domin wannan kawai, kuma inda aka riƙe amana ta yi aiki. Mu ma mun gwada a ƙauyenmu. Kuɗin a wani akwati daban muke ajiye su, mabuɗi ɗaya wurina, ɗaya wurin shugabar mata, kuma ko majo bai isa ya ranta ya sayi magani da su ba, duk da sau da yawa ya roƙa.